Kundin aikin ceto sojojin dalma

5 ga Oktoba

Na kwashe akwatin kakaf, na jera abin da ke ciki a kan tsohuwar jarida a gareji. Sojojin dalma ne 46, irin na wasan yaran Turawan da, 11 bisa dawaki sauran a ƙasa, sai wata 'yar motar soja ta Dinky. Fam 35 na biya a kasuwar Lahadi da ake ci a wani fili a gabashin Landan, inda kowa ke buɗe but ɗin motarsa ya baje tarkacen gida. Mai su ya ce a saman silin gidan mahaifinsa ya tsince su.

Yawancinsu na kamfanin Britains ne, sunan na nan a ƙarƙashin ɗan faifan da suke tsaye a kai. Tsayin sojan ƙasa milimita 54. In ka ɗauka sai ka ji shafal, domin cikinsu holoƙo ne. Dabarar da William Britain ya fito da ita ke nan a 1893: a zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a juya a tsiyaye ta tun tsakiyar ba ta daskare ba, sai ɓawon kawai ya rage. Shi ya sa kowanne ke da ɗan huji a ƙoƙon kai. Wannan dabara ita ta sa suka yi arha har suka ture na Jamus a kasuwar Ingila, ita ce kuma ta sa yau ba su da juriya, don ɓawon ba shi da kaurin da zai daɗe ana cinsa. A 1966 kamfanin ya daina irin wannan zubi, ke nan autan cikinsu ma ya kusa shekara 60.

Na raba su gida uku. Lafiyayyu 25, fentinsu ya ɗan goge amma ƙarfen na nan toka-toka, sumul. Masu alamar farawa 14, fentin ya yi 'yan ƙuraje, in ka danna da tsinken sakace farin gari ya fito. Bakwai kuwa abin ya ci su sosai, ɗaya har fuskarsa ta shafe. Masu tara irin waɗannan kaya suna ce wa abin cutar dalma. Burina shi ne a tsayar da ita inda ta tsaya.

7 ga Oktoba

Ban taɓa komai ba yau, sai shirin wurin aiki. Uwargida ta leƙo gareji ta ga garin a kan jarida, ta ce, "Malam, wannan abin dai ba zai shigo min kicin ba, kuma kada in ga yaran nan kusa da shi." Gaskiyarta ne. Dunƙulen dalma a hannun babba ba wani abin tsoro ba ne in ya wanke hannu. Garin shi ne masifar, domin yana tashi, yana maƙalewa a farce, ciki kuma yana narkar da shi cikin sauƙi. Shi ne dai farin sinadarin da aka daɗe ana yin fentin gida da shi kafin ƙasashe su hana.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka a tsakar gida. Ƙura ce ta yi wannan aika-aikar, ƙurar da yaro mai rarrafe ke kaiwa baki.

Dokokin gareji ke nan: safar hannu, takunkumin da ke tace ƙura, ba hurawa da baki, ba shara da tsintsiya, ba shan shayi a kan teburin. Duk gogewa a jiƙe za a yi ta. Audugar da aka yi amfani da ita ta shiga leda a ɗaure, in ta taru in kai wurin da ƙaramar hukuma ke karɓar shara mai guba. Na sa wa ƙofa kwaɗo.

11 ga Oktoba

Yau na juya kan akwatin kansa, kuma a nan amsar take. Katakon oak ne, aikin kafinta mai kyau, murfinsa yana rufuwa ruf. Da na sa hanci a ciki sai na ji ɗan tsami-tsami. An shimfiɗa masa kwali a ƙasa, ya yi ja saboda tsufa.

Ga yadda abin ke faruwa. Katakon oak yana fitar da tururin asid, irin asid ɗin da ke cikin ruwan khal, kuma ba ya dainawa don ya tsufa. Turirin ya haɗu da danshin iska ya sauka a kan dalma, ya narkar da fuskarta ta zama wani gishiri. Gishirin ya gamu da iskar kabon da muke fitarwa a numfashi, ya rikiɗe ya zama wannan farin gari, sai ya saki asid ɗin da ya riƙe. Asid ɗin ya sake komawa kan ƙarfen da ke ƙasa. Ke nan ba ƙarewa yake yi ba, zagaye yake yi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya cinye soja guda in an ba shi shekaru a wurin da iska ba ta shiga. Garin ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, shi ne yake tura fenti sama ya yi ƙuraje.

Dalmar da ke waje a sarari ba ta yin haka. Tana yin wata 'yar fata mai duhu da ke kare ta, shi ya sa rufin dalma na tsofaffin coci-cocin ƙasar nan ke ɗaukar ƙarni ruwa na dukansa. Wanda ya adana sojojin nan a akwati mai tsada gata ya yi niyyar yi musu. Da a kan taga ya bar su ƙura ta rufe su, da sun fi haka lafiya.

Wani abin da na lura da shi: biyar daga cikin bakwai ɗin da suka fi lalacewa ba su da sunan kowane kamfani a ƙasa. Gamin ƙarfen yana da tasiri. Wanda aka sa masa kuza da ɗan yawa ya fi jurewa, zallar dalma kuwa ita asid ya fi samu da sauƙi. Sauran biyun na Britains ne, amma kawunansu sun taɓa cirewa, wani ya mayar da su da tsinken ashana, kamar yadda yaran zamanin suka saba yi, sannan daga baya aka laɓta musu farin gam na kafinta. Shi ma wannan gam asid ɗin khal yake fitarwa. Zagayen wuyansu ne ya fi ko'ina fari.

Akwatin ya koma rumfar lambu, zai riƙe iri da igiya.

12 ga Oktoba

Kafin in kashe kuɗi a kan sabon mazauni, ina so in gwada kayan da nake tunanin amfani da su. Gidajen adana kayan tarihi suna da gwajin da Andrew Oddy ya tsara a Gidan Tarihi na Birtaniya a 1973: a rufe ɗan yankin kayan da ake zargi a kwalba tare da ɗan ruwa da gutsattsarin azurfa da tagulla da dalma, a ajiye a zafin digiri 60 har kwana 28, sannan a duba ko ƙarafan sun sauya. Ni ba ni da murhun da zai riƙe wannan zafi, sai na yi na talaka.

Wani mai gyaran rufi a layinmu ya ba ni ragowar dalmar rufi kyauta. Na yanka ta ƙanana, na kankare kowanne har ya yi ƙyalli, na rataya da zaren nailan a kwalaben jam guda shida, kowace da jiƙaƙƙiyar auduga a ƙasa. Ta farko da ɓallin akwatin oak, ta biyu da tsohon kwalin, ta uku da busasshen farin gam, ta huɗu da katakon filawud, ta biyar da soson roba na shirya kaya, ta shida ba komai sai ruwa don kwatance. Suna ɗan ɗakin da tankin ruwan zafi yake, wajen digiri 30.

15 ga Oktoba

Saye-saye. Na'urar auna danshi fam 9. Gwangwanin Renaissance Wax ƙarami, kakin da ake shafa wa ƙarfe don kare shi, fam 12. Ƙwayoyin Paraloid B-72, wani irin gam garai-garai da ake rufe fuskar ƙarfe da shi, da kwalbar asiton, sinadarin da ke narkar da su, fam 14. Wuƙar fiɗa da reza, ƙananan buroshi, gilashin ƙara girma mai fitila, fam 21. Kayan gyara sun riga sun fi sojojin tsada.

Na'urar ta nuna danshin gareji kashi 72 cikin ɗari. Ya yi yawa ƙwarai. Lafiyayyun sun koma saman kabad a ɗakin karatu, a buɗaɗɗen farantin ƙarfe.

19 ga Oktoba

Na fara da masu alamar farawa. Shawarwari kam ba su ƙaranci, kowa da maganinsa. Akwai masu cewa a jiƙa soja a ruwan khal har garin ya narke. Zai narke kuwa, amma ka shayar da shi ainihin abin da ya kawo ciwon, kuma holoƙon ciki ba ya wankuwa sarai. Wasu suna haɗa man tafentin da tataccen man ma'adinai rabi da rabi su shafa. Na gwada wannan a kan wanda fuskarsa ta shafe, tunda ba abin da zai ƙara asara. Farin ya ɓace wa ido nan take, sai dai da na tona da tsinke garin na nan a ƙasa, ya jiƙe ne kawai ya yi duhu. Jan fentin rigarsa ma ya koma ruwan ƙasa. Ban ci gaba da shi ba.

Hanyar da na zauna a kai ba ta da wani sirri. In ɗiga tina marar zafi a kan ƙurjin don kada gari ya tashi, in fasa shi da bakin reza a ƙarƙashin gilashi, in tone da tsinken sakace har in kai ƙarfe mai lafiya, in share da auduga. Tsinke ya fi reza aminci, don dalma taushi gare ta, reza na shiga cikinta ba ka sani ba. Soja ɗaya yana cin kusan awa guda in ƙurajen ba su yi yawa ba.

Ɗauraya kuma da ruwan famfo nake yi, a gurguje. Abin mamaki, tataccen ruwa ya fi cin dalma. Ruwan Landan mai alli ne, wanda duk mai butar shayi a garin nan ya sani, kuma irin wannan ruwa bai cika taɓa dalma ba. Bayan haka su kwana biyu kusa da hita, kai a ƙasa, don ruwan da ya shiga ta hujin kai ya fita.

22 ga Oktoba

Huɗu sun kammalu. Ba wani labari.

26 ga Oktoba

Asara biyu a wuni ɗaya.

Na farko, batun rufe wuraren da aka tone. Na narkar da giram 5 na Paraloid a mililita 100 na asiton. Masu gyaran kayan tarihi suna son sa ne saboda ba ya yin rawaya kuma ana iya cire shi in buƙata ta taso. Na gwada a ƙasan faifai, lafiya lau. Da na zo kan wani mai busa ƙaho, ramin da na tone a kafaɗarsa yana da ɗan tsagi da ido bai gani. Ruwan ya bi tsagin ya shige ƙarƙashin fenti, kafin in ɗaga buroshi jan rigar ya tattare ya ɗago, faɗin ƙwayar wake. Asiton ba ya barin tsohon fentin mai. Na bar shi ya bushe ban taɓa ba, ya kwanta amma a yamutse, kuma haka zai zauna.

Daga yanzu Paraloid sai a faffaɗan wurin da fenti bai kusa ba, da buroshin da aka matse har ya kusa bushewa. Ƙananan ramukan da ke tsakiyar fenti kaki kawai za su samu. Renaissance Wax a ɗakin binciken Gidan Tarihi na Birtaniya aka haɗa shi a shekarun 1950, kuma amfaninsa a nan shi ne ba shi da asid, saɓanin kakin zuma. Shafa kaɗan, a bari ya sha iska, a goge da tsumma mai laushi.

Na biyu ya fi ciwo. Dokin wani mai mashi, daga waje ƙuraje biyu ne kawai a ƙafar baya. Ina sa tsinke sai ƙafar ta burme, kamar azarar da gara ta cinye ta bar fatar waje. Babu ƙarfe a ciki ko kaɗan daga gwiwa zuwa kofato, fenti ne kawai ke riƙe da siffar gari. Da na haska fitila ta hujin cikin dokin na ga ciki fari fat. Ashe turirin yana shiga ta hujin zubi ya ci ta ciki, inda ba fentin da zai tare shi.

Wannan ya rushe rabon da na yi ranar farko. Na ɗauko lafiyayyu 25 ɗin na leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya da siririyar fitila. Uku suna da fari a ciki, sun sauya layi. Dokin kuwa na tattara gutsattsarin ƙafarsa a 'yar leda. In an zo gyara, siririyar wayar farin ƙarfe za ta zama ƙashi, a gina nama a kanta da gam mai haɗi biyu. Ba yanzu ba.

2 ga Nuwamba

Na duba motar Dinky. Nata ciwon daban ne. Ba gari a jikinta, amma ta tsattsage ko'ina, gindinta ya kumbura har ƙafafun gaba sun karkace. Ba dalma ba ce, gamin tutiya ne, irin wanda kamfanin Meccano na Liverpool ya yi amfani da shi. Kayan da aka zuba kafin Yaƙin Duniya na Biyu su suka fi fama da wannan, domin in 'yar dalma ta gurɓata tutiyar tun a tukunya, ƙarfen yana lalacewa daga cikinsa, ya kumbura ya farfashe. Danshi yana hanzarta shi. Ba kankara ko shafi da zai kai inda ɓarnar take. Na naɗe ta a takarda marar asid, na sa ta a wuri busasshe inda ba za a motsa ta ba.

9 ga Nuwamba

Na buɗe kwalabe, a waje, da takunkumi. Ta oak ba a magana, dalmar ta yi fari har gari ya zubo kan auduga. Ta farin gam tana biye da ita, abin da ban zata zai kai haka ba daga busasshen gam ɗan mitsitsi. Filawud ya bar fari a gefe-gefe. Tsohon kwali ya ɗan yi hazo. Ta soson roba da ta ruwa zalla duk duhu kawai suka yi, ba za ka bambanta su ba.

Kwalba shida a ɗakin tanki ba binciken masana ba ne, amma ya ishe ni yanke shawara. Kabad ɗin filawud da na so in buga ya fita daga lissafi, kuɗin katako sun huta. Gilashi, ƙarfe mai gasasshen fenti, robar da ke da lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku, da irin wannan soso, su ne kawai za su kusanci sojojin.

16 ga Nuwamba

Na samo shogilas na hannu, gilashi zalla, fam 25. Mai shi ya ce ya gyara shi kafin ya sa a kasuwa. Da na kawo gida na rufe shi ya kwana, da safe ina buɗewa warin khal ya doke ni. Gyaran da ya yi shi ne ya bi kusurwoyi da sabon gam ɗin silikon, irin na banɗaki mai arha, wanda asid ɗin khal yake fitarwa yayin da yake bushewa. Saura ƙiris sojojin su bar gidan oak su tare a gidan da ya fi shi.

Akwai silikon marar wannan wari, ana rubutawa a jikin bututun. Zaɓi biyu ne: in kankare duka in sake liƙawa da wancan, ko in bar shi a buɗe wata da watanni har warin ya mutu. Na zaɓi kankarewa, tunda hanci ba ya jin ɗan abin da dalma ke ji. Na kwashe yammaci ina fama da reza, gilashin gefe ɗaya ya tsage a kusurwa. Mai yankan gilashi ya ce fam 8.

20 ga Nuwamba

Tono ya ci gaba. Saura biyar a layin masu alama.

23 ga Nuwamba

Wani dattijo Bature da ya daɗe a harkar ya zo ya gani. Ra'ayinsa shi ne bakwai ɗin nan a wanke fentinsu gaba ɗaya da sinadari, a cike ramuka, a sake fenti su fito sababbi. A kan biyar marasa suna na yarda da shi, domin garin ya bi ƙarƙashin fenti ko'ina, ba yadda za a kai gare shi sai an cire. A kan na Britains ban yarda ba. Wannan fenti da hannu aka yi shi, yawanci mata ne da ake biya bisa yawan abin da suka gama, wasu a gidajensu. Kana ganin saurin hannun a ɗigon ido da layin ɗamara. In na goge na sa nawa, abin da zai rage gunkin dalma ne mai sabon fenti, ko a kasuwar masu tarawa darajarsa ta faɗi. Ramin da aka tone aka rufe da kaki, toka-toka a tsakiyar ja, bai dame ni ba. Mun rabu kowa na kan bakansa, amma ya bar min wayar da zan yi ƙafar doki da ita.

30 ga Nuwamba

Shogilas ya haɗu da sabon silikon, fam 7. Na rataya sabon yankin dalma mai ƙyalli a ciki na rufe. Sai ya yi wata guda bai yi fari ba sannan soja zai shiga.

A yanzu 39 suna cikin akwatunan roba a kan soso, kowane akwati da ƙunshin ƙwayoyin silika masu shan danshi da ƙunshin tataccen gawayi mai kama turiri. Na'urar tana nuna kashi 41 a ciki, ina so ya sauka ƙasa da 40. Waɗanda aka yi wa tono akwatinsu daban, don ragowar garin da ido bai gani yana riƙe da asid. Na ɗauki hoton kowannensu gaba da baya, da lamba, don in sami abin kwatantawa.

Jimillar kuɗi zuwa yau fam 149, har da fam 18 na akwatuna da silika da gawayi.

Aikin Disamba: wanke fentin marasa suna guda biyar, cire tsinken ashana da farin gam daga wuyan biyun nan a maye da waya, sai ƙafar doki in hannu ya faɗa. Dubawa ta farko da hotuna ranar 28 ga wata, in Allah ya kai mu, tare da yankin dalmar da ke cikin shogilas.